Yadda Ake Sa Ido Kan Baƙin Ƙudajen 'Ya'yan Itace

Ƙudan 'ya'yan itace ba da fukafukinsa ya fi yin doguwar tafiya ba. A cikin kwandon mangwaro ko lemo yake tsallaka iyakoki, yana matsayin ƙwai ko tsutsa. Nau'in Bactrocera dorsalis, wanda asalinsa daga Asiya ne, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a shekarar 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu a yawancin ƙasashen kudu da Sahara. Saboda haka mai lambun da ya jira sai ya ga 'ya'yan itacensa suna zubewa a ruɓe, ya riga ya makara.

Abu na farko shi ne a san wane ƙuda ake nema, domin kowane nau'i da irin koton da ke jan sa. Sinadarin metil yujinol yana jawo mazan Bactrocera dorsalis daga nesa, tirimedlur kuwa na mazan ƙudan Bahar Rum ne, wato Ceratitis capitata. Tarkon da aka sa wa koton da bai dace ba zai zauna wayam, mai shi ya ɗauka lafiya ƙalau ake. Wani abin lura kuma, waɗannan sinadarai maza kawai suke kamawa, alhali mata ne ke huda ɓawo su saka ƙwai. Don haka ya kamata a haɗa da wasu tarkuna masu koton furotin ko yis, waɗanda ke jan mata, duk da cewa ƙamshinsu ba ya kai wa nesa.

Tarkon kansa ba sai mai tsada ba. Robar ruwa da aka huda wa ramuka huɗu a gefe, aka rataya audugar da ta sha koto da ɗan maganin ƙwari a ciki, ta isa. A rataye ta cikin inuwar ganye, kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, inda ganye ba zai toshe ramukan ba, sannan a shafa man giris a jikin wayar da aka rataye tarkon da ita domin hana tururuwa kwashe abin da aka kama. A kula kada koton ya taɓa bayan robar, in ba haka ba ƙudajen za su taru a waje su ƙi shiga.

A inda ƙudan bai taɓa ɓulla ba, tsakiyar lambu ba shi ne wuri mafi muhimmanci ba. Gefunan lambu, wurin loda kaya, da itatuwan gwaba ko mangwaron da ba mai kula da su, nan ne baƙo ya fi fara sauka.

Ana duba tarko mako-mako, a ƙirga abin da ya shiga, a rubuta, ko da babu ko ɗaya, domin makonnin da ba a kama komai ba su ne za su nuna lokacin da ƙudan ya iso. Masana suna raba jimillar ƙudaje da yawan tarkuna da kuma kwanakin da suka yi a rataye: ƙuda 140 a tarko 10 cikin kwana 7 na nufin biyu a kowane tarko a kullum. Koton kuma a sabunta shi bisa umarnin da ke jikin kwalbarsa, domin zafi yana rage masa ƙarfi.

Tarko ba ya nuna yawan ɓarna, sai an duba 'ya'yan itacen. A tsinto waɗanda suka faɗi, a ɗora su kan rairayi a cikin bokiti, a rufe da yadi mai shara-shara. Tsutsotsin za su fito su shige rairayin su ƙunshe cikin ɗan ɓawo mai ruwan ƙasa, sai a tankaɗe bayan kamar mako biyu, a ajiye su har su ƙyanƙyashe.

Duk ƙudan da ba a saba gani ba, a sa shi cikin alkohol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a rubuta wuri da kwanan wata, a miƙa wa malaman gona ko hukumar kula da lafiyar tsirrai, kuma a dakatar da fitar da kaya daga lambun har sai an tantance shi.