Yadda likitan fisiyo da ya yi karatu a Najeriya zai samu rajistar aiki a Birtaniya

A Birtaniya doka ta killace sunan likitan fisiyo. Duk yawan shekarun da mutum ya yi yana gashi a Asibitin Ƙashi na Dala ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ba shi da ikon kiran kansa da wannan suna a Ingila, Sukotland, Wales ko Ireland ta Arewa sai sunansa ya shiga rajistar hukumar HCPC, wadda ke kula da sana'o'in lafiya 15. Yin amfani da sunan ba tare da rajista ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Jamhuriyar Ireland kuwa ƙasa ce daban, hukumarta CORU ce, rajistar HCPC ba ta aiki a can.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne HCPC ba za ta gan ka kana aiki ba. Takarda za ta karanta. Za a miƙa fayil ɗinka ga masu tantancewa biyu 'yan sana'ar, su auna karatunka da aikinka da mizanan ƙwarewar da hukumar ta gindaya, waɗanda sabon tsarinsu ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2023. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba. Mafi yawan waɗanda ake dawo wa da fayil ba rashin iya aiki ne ya kayar da su ba, takardunsu ne suka kasa faɗin abin da suka iya.

Fara da gida kafin ka taɓa shafin HCPC. Ka tabbatar lasisinka na hukumar MRTB mai yi wa likitocin fisiyo rajista a Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, yana raye, babu bashin sabuntawa a kanka. Za ka buƙaci takardar da ke shaida cewa rajistarka na nan lafiya kuma ba a taɓa hukunta ka a kan aiki ba. Idan ka taɓa yin rajista a wata ƙasa, Saudiyya ko Daular Larabawa misali, ita ma sai ka ambace ta ka nemo irin wannan shaida daga hukumarta. Haɗa da takardar digiri, takardar sakamakon darussa, shaidar kammala shekarar intanshif, fasfo, da takardar da ke nuna adireshinka. Sannan ka jera su a tebur ka duba sunanka harafi bayan harafi. Muhammad a digiri, Mohammed a fasfo, sunan gari a wata takardar babu shi a wata: wannan kaɗai kan cinye makonni. A gyara da rantsuwar kotu tun da wuri. Matar da ta sauya suna bayan aure ta haɗa da takardar aure. Kwafin takardu kuma sai wani mai matsayi, kamar lauya, ya sa hannu a kai cewa ya ga na asali, ya rubuta sunansa da aikinsa da yadda za a same shi, kuma kada ya zama ɗan uwanka. Wanda ya yi karatu a Nijar ko Sudan, takardunsa na Faransanci ko Larabci sai an fassara su zuwa Turanci a wurin tafinta da aka amince da shi.

Sai jarrabawar Turanci, ga wanda hukumar ta nema daga gare shi. A IELTS ana neman maki 7.0 gaba ɗaya, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.5. A TOEFL na intanet ana neman 100 cikin 120. Tun watan Janairu 2025 hukumar ta ƙara OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, cikin jarrabawoyin da take karɓa, ta kuma rufe tsohuwar ƙofar da mutum kan ce Turanci ne harshensa na farko a wuce da shi. Sai dai akwai jerin ƙasashen da ake yafe wa wanda ya yi digirinsa a cikinsu jarrabawar, don haka ka duba jerin a shafin hukumar, kada ka dogara da labarin abokin da ya tafi shekarun baya. Ɓangaren rubutu ne ya fi kayar da mutanenmu, saboda ana ganin an iya Turanci sai a shiga ba shiri. Sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu, saboda haka kada ka rubuta jarrabawar alhali jami'arka ba ta ko fara duba takardunka ba.

Fom ɗin bayanin kwas shi ne ƙashin bayan fayil ɗin, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Jami'ar da ta yaye ka ce ke cike shi ta buga hatimi, ba kai ba. Ana son a ga kowane darasi da ka ɗauka: abin da aka koyar a ciki, awa nawa aka yi a aji, awa nawa a ɗakin gwaji, yadda aka jarraba ku, da kuma zaman asibiti ɗaya bayan ɗaya, a wane sashe, na tsawon wane lokaci, ƙarƙashin kulawar wa. Ma'aunin da aka saba da shi a Birtaniya shi ne ɗalibi ya yi awa 1,000 a asibiti kafin ya kammala. Ɗalibin Najeriya kan wuce haka idan aka tara zaman asibiti na shekarun ƙarshe, amma sau da yawa fom ɗin kan zo da layi guda kawai, an rubuta "zaman asibiti, zango biyu", babu awa babu sashe. Mai tantancewa ba zai yi maka lissafin da ba a ba shi ba.

Abin yi shi ne ka je sashen da kanka, ko ka wakilta wanda ka amince da shi, ɗauke da kundin manhajar shekarun da kai ka yi karatu. Wannan yana da muhimmanci, domin jami'o'i irin su Bayero sun koma tsarin digirin DPT, wato digirin dakta a fisiyo, kuma idan aka cike maka fom da sabuwar manhaja alhali takardar sakamakonka na nuna tsoffin darussa, saɓanin zai fito fili. Ka duba cewa fannoni uku da aikin fisiyo a Birtaniya ya ginu a kansu sun fito sarai: ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, jijiya da ƙwaƙwalwa, sai zuciya da numfashi. Na ukun ne aka fi samun giɓi. A asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ana kiran likitan fisiyo da tsakar dare ya zo ya taimaki marar lafiyar da majina ta toshe masa ƙirji, ko wanda ke kan na'urar numfashi a sashen kulawa ta musamman. Idan ka yi irin wannan aiki a intanshif, ka faɗe shi dalla-dalla. Idan ba ka yi ba, gara ka nemi a tura ka sashen na wasu watanni a asibitin koyarwa kafin ka miƙa fayil, a ba ka wasiƙar shaida.

Wurin bayanin aikin da ka yi, da bakinka za ka yi magana. "Ina duba masu shanyewar ɓarin jiki" ba bayani ba ne. Ka ɗauki misali guda, ba tare da sunan marar lafiya ba: dattijo mai shekara sittin da wani abu, mako biyu bayan bugun jini, hannun dama ba ya ɗaguwa, ba ya iya tashi daga gado sai an kama shi. Me ka auna, da wane ma'auni, wane buri kuka tsayar da shi da iyalinsa, me ya sa ka zaɓi wannan atisaye ka bar wancan, yaushe ka sake aunawa, yaushe ka ga abin ya wuce huruminka ka mayar da shi wurin likita. Tun 1977 likitan fisiyo a Birtaniya ke da 'yancin duba marar lafiya ya yanke shawara da kansa, don haka tunaninka suke son gani, ba jerin na'urorin da ka iya kunnawa ba. Ka buga mizanan ƙwarewar a takarda, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka ina hujjar wannan a fayil ɗina. Waɗanda aka fi mantawa su ne neman yardar marar lafiya, riƙe sirri, adana bayanai, kare yara da masu rauni, da yi wa kowa adalci ba tare da bambanci ba.

Kada ka kwafi rubutun kowa. Akwai masu sayar da "fayil ɗin da ya wuce" a zaurukan WhatsApp da Telegram, kuma HCPC na saka takardun masu nema a manhajar gano satar rubutu. Idan naka ya yi kama da na wani, maganar ta tashi daga ƙwarewa ta koma gaskiya da riƙon amana, wanda ya fi wuyar wankewa.

Ta intanet ake miƙa fayil, a biya kuɗin tantancewa da ya haura fam 600, kuma ba a mayarwa ko da an ƙi ka. Daga nan hukumar za ta tuntuɓi jami'arka da MRTB da wuraren da ka yi aiki kai tsaye don tabbatar da abin da ka faɗa. Nan ne fayil kan kwanta wata da watanni, saboda wasiƙar ta faɗa akwatin imel ɗin da ba wanda ke buɗewa. Ka ba da adireshin imel na hukuma, ba na Gmail ko Yahoo na wani malami ba, ka kuma sanar da shugaban sashe da magatakarda cewa saƙo na tafe. A riƙa leƙawa cikin ladabi.

Amsa kan zo ɗaya cikin huɗu. Ko a amince da kai, ko a nemi ƙarin bayani a kan wasu mizanai da za a lissafa maka, ko a kira ka gwajin ƙwarewa, ko a ƙi. Neman ƙarin bayani ba faɗuwa ba ce. Ka amsa abin da aka tambaya kawai, mizani bayan mizani, da hujja, cikin wa'adin da aka ba ka. Gwajin ƙwarewa yawanci hira ce ta baki da masu tantancewa, a kawo maka yanayin marar lafiya a ji yadda za ka yi. Wanda aka ƙi yana da kwana 28 ya ɗaukaka ƙara. Wanda ya wuce zai biya kuɗin rajista, sannan lambarsa ta fito.

Rajista ba aiki ba ce, ba biza ba ce. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalan aiki zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Abin da aka yarda shi ne kai da kanka ka ga tallar gurbi a shafin NHS Jobs ka nema kai tsaye. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka takardar ɗaukar nauyi, ka guje shi, domin asibitin da ya ɗauke ka ne ke bayar da ita. Da ita za ka nemi bizar ma'aikatan lafiya, tare da gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, irin na hukumar ƙaura ta duniya IOM a Abuja ko Legas, da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye cikin shekara goma da suka wuce. Guraben mataki na 5 a tsarin albashin NHS, inda sababbi ke farawa suna zagaya sassa, sun yi wuya a 'yan shekarun nan har ga waɗanda suka yi karatu a can. Mai shekaru a aiki ya gwada mataki na 6 a fannin da ya fi ƙarfi.

Bayan ka fara aiki, doka ta wajabta maka inshorar kariya daga kuskuren aiki. NHS na rufe ma'aikatanta a kan aikin da suka yi mata, shiga CSP, ƙungiyar likitocin fisiyo ta Birtaniya, kuma na ba da ƙarin kariya, sai dai ita ƙungiya ce, ba ta ba da lasisi. Rajistar fisiyo shekara biyu take yi, tana ƙarewa ranar 30 ga Afrilu na shekaru irin su 2026 da 2028, ko yaushe ka shiga. A kowane zagaye ana zaɓo kashi 2.5 cikin ɗari a ce su kawo shaidar ƙaro ilimin da suka yi, don haka ka buɗe kundi tun makon farko kana rubuta kowane horo da abin da ya sauya a aikinka. Lasisin MRTB ma kada ka bar shi ya mutu idan kana da niyyar dawowa gida aiki, domin bashin sabuntawa taruwa yake yi.