Yadda ake farfaɗo da tsohon fiyanon Yamaha ko Casio

Duk wanda ya tashi da waƙoƙin finafinan Kano na ƙarshen shekarun 1990 ya san zaƙin kiɗan fiyano, kuma da yawansa daga Yamaha samfurin PSR ya fito. Yau irin waɗannan fiyanon suna jibge a lungun ɗaki, an ce sun mutu. Ni dai ba na saurin yarda, domin galibi ƙura ce ta shaƙe su, ko adafta ce ta cuce su.

Fara da adafta, kafin ka taɓa sukudireba. Duba rubutun da ke gefen ramin wuta. Yawancin ƙananan PSR na shan 12V, tsakiyar filogin kuma + ce. Tsofaffin Casio da yawa kuwa 9V suke sha, tsakiyarsu −. In ka sa wa ɗaya adaftar ɗayan, filogin zai iya shiga ramin lafiya lau, amma wutar a juye take, kuma nan take za ta iya ƙona wani abu a ciki. Wannan kuskuren ya kashe fiyano masu kyau ba adadi, yana kuma ba ni takaici.

Sai gidan batir. In ka ga farin gari ya daskare a kan ƙarafan, batir ne ya zubo. Diga ruwan lemun tsami a audugar kunne ka goge, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sarai.

Idan ya kama wuta amma lasifika shiru, zura filogin abin sauraro na kunne a raminsa ka zare kamar sau 10. Akwai ɗan makunni a ciki mai yanke lasifika, datti kan sa ya maƙale.

Aikin gaske yana wajen maɓallan da suka daina kuka. Cire wuta da batir, kife fiyanon a kan bargo, kwance kusoshin, ka jera su yadda ka ciro su don tsayinsu ba ɗaya ba ne. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowace igiya. Ƙarƙashin maɓallan za ka tarar da doguwar roba mai baƙaƙen ɗigo na kabon, su ne ke taɓa allon lantarki idan ka danna. Ɗaga robar a hankali, ka goge ɗigon da wurin da suke sauka da sifirit mai ƙarfi. Kada ka kankare da takardar yashi. Kabon ɗin siriri ne, in ya tafi ya tafi. Fiyanon da ke jin ƙarfin yatsa ɗigo 2 gare shi a kowane maɓalli, shi ya sa idan ɗaya ya yi datti sai maɓallin ya riƙa tsawa da cikakken ƙarfi ko ya yi gum. Mayar da robar yadda ka same ta, don in ka juya ta sai lissafin ya rikice.

In maɓallan da suka mutu suna bin tsari, tazara iri ɗaya tsakaninsu, to ba roba ba ce. Faffaɗar igiyar da ke haɗa alluna ce ta saki, ko dalma ta tsage. Zare igiyar ka mayar da kyau. Idan kuma gurnani kake ji a lasifika, ga kafasita (wani ɗan abu mai kama da ƙaramin gwangwani a kan allon lantarki) ta kumbura, kai wa mai gyaran rediyo ya sauya ta da mai lamba iri ɗaya.

Da ka haɗa, gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya kafin ka ɗaure kusoshi. Daga nan ka riƙa lulluɓe shi da zane, musamman lokacin hunturu, ka kuma zare batir duk sanda za ka ajiye shi ya daɗe.