Yadda Ake Ninka Baka Biyu Masu Gaɓa Bibbiyu a Aljabra

Ɗalibin da ke aji uku na ƙaramar sakandare, ko wanda yake shirin WAEC da NECO, ba zai rasa cin karo da tambaya irin (x + 3)(x + 5) ba. Ƙa'idarta ɗaya ce: kowace gaɓa ta bakan farko sai ta ninka kowace gaɓa ta baka na biyu, ba a tsallake ko ɗaya.

Ka fara da x. Idan ka ninka shi da x za ka sami x², da 5 kuma 5x. Sannan ka koma kan 3, wanda zai ba ka 3x da 15. Daga nan sai ka haɗa masu kama da juna kaɗai, wato 5x da 3x su zama 8x, amsa ta tsaya a x² + 8x + 15.

Wanda yake son ya ga dalili da idonsa, ya ɗauki tsinke ya zana fili a ƙasa, mai tsawon x + 5 da faɗin x + 3, ya raba shi fangali huɗu yadda masu noman rani suke yi a Kadawa. Fangali na farko x² ne, biyu na gefe 5x da 3x, na kusurwa kuma 15. A ganina wannan zanen ya fi hadda amfani nesa ba kusa ba, domin wanda ya manta ninki ɗaya zai ga fangalin da ya bari babu komai.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne alamar ɗebewa, wadda dole ta bi lambarta duk inda ta je. A (x − 2)(x + 7) za a sami x² + 7x − 2x − 14, wato x² + 5x − 14. Haka kuma (x + 4)² ba x² + 16 ba ne, baka biyu ne, (x + 4)(x + 4), kuma amsarsa x² + 8x + 16.

Kafin ka miƙa takarda, ka sa wata ƙaramar lamba a madadin x ka gwada. A misalin farko, idan x ya zama 2, baka biyun za su ba da 5 sau 7, wato 35, amsar kuma 4 + 16 + 15, ita ma 35. In suka saɓa, ka fara duba alamomin.