Yadda na gyara injin kwale-kwale da ke mutuwa a tafkin Lagdo

A babban hutun bana dangi sun taru a Lagdo da ke arewacin Kamaru, sai injin kwale-kwalen da zai zaga da yara, mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai, ya riƙa tari. Da an ƙara wuta sai ya mutu.

Na canja fulogi, na wanke kafireto, duk a banza. Ashe ruwa ne cikin fetur ɗin, zuwa-zuwa ne, wato wanda ake sayarwa a bakin hanya, ga damina. Na tsiyayi kaɗan a farar kwalba na ajiye minti 10, ruwan ya kwanta a ƙasa tunda ya fi fetur nauyi. Tiyo kuwa daga gindin tanki yake zuƙa, shi ya sa ruwan ke shiga injin.

Na juye tankin kaf, na kwance ƙaramin notin da ke ƙasan kafireto har ya daina ɗiga, na mayar. Sabon fetur lita 20, man haɗi mililita 400, wato kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, aka girgiza sosai. Na sassauta notin iska na murfin tanki, na yi ta matsa robar famfo har ta yi tauri. Ina jan igiya ya tashi lafiya lau.

Alhamdulillahi, godiya ga Baffa da ya ce a duba man.