Yadda za ka kunna wasannin Sega da Nintendo na da a kwamfutarka

Mu da muka tashi a Yamai muna layi a shagon wasa da 'yan kuɗinmu a hannu, yau wasannin nan suna shiga ƙaramar kwamfuta.

1. Sauke RetroArch daga shafinsa na intanet, shi ne ke kwaikwayon na'urorin wasa na da a kwamfuta. Kyauta ne.

2. Buɗe shi, ka shiga Online Updater, sannan Core Downloader. Kowace na'ura da nata injin, wato core, da za ka sauke a nan: Genesis Plus GX na Sega Mega Drive ne, Snes9x na Super Nintendo, FinalBurn Neo kuma na manyan akwatunan shago, irin na Street Fighter II na 1991.

3. Tara fayilolin wasanninka a wuri guda, waɗanda ka kwafo daga kaset ɗinka. Na akwatunan shago kada ka kwance su, bar su a zip ɗinsu, in ba haka ba ba za su tashi ba.

4. Jona manet mai USB. Ana samunsa a Babbar Kasuwa.

5. Nan ne daɗin yake. An zana wasannin nan don tsohuwar talabijin mai ƙugu, shi ya sa a allon zamani fuskoki suke fitowa kamar tubali. Bayan ka kunna wasan, danna F1, ka shiga Shaders, wato masu gyara kamannin hoto, ka zaɓi crt-easymode. Siraran layukan nan na tsohuwar talabijin za su dawo, launi ya yi laushi. Bar faɗin hoton a 4:3. Ni dai ba na son a miƙe shi ya cika allo, mutane su zama gajeru masu ƙiba.

6. Lokacin zafi wuta na yawan ɗaukewa, saboda haka riƙa danna F2 kana ajiye inda ka kai. F4 ke mayar da kai wurin.