Yadda ake raba intanet ɗaya ga iyali a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

A jirgin ruwan yawon shaƙatawa, abinci da wurin kwana da wasannin dare duk suna cikin kuɗin tikiti, amma intanet sai ka sa hannu a aljihu. Kuma ba mutum suke ƙirgawa ba, na'ura suke ƙirgawa. Farashin yakan kama daga kusan dala 15 zuwa 30 a rana kan kowace na'ura, gwargwadon kamfani da irin tsarin da ka zaɓa. Magidancin da ya tafi da maiɗakinsa da yara biyu, kowa da wayarsa, ga kwamfutar aiki a jaka, in ya lissafa na mako guda sai ya ga kuɗin ya isa sayen sabuwar waya mai kyau. Ni sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Farm Centre ta Kano, shi ya sa da muka shirya shiga irin wannan jirgi daga Dubai, ni da uwargida da 'yarmu da Hajiya surukata, lissafin nan na fara yi tun kafin a ɗinka kayan tafiya.

Kafin ka taɓa wani saiti, ka binciki abin da kamfanin yake nufi da "na'ura ɗaya", don a nan ne komai ya rataya. Wasu na nufin na'ura ɗaya a lokaci guda. Royal Caribbean haka take: ana ba ka suna da lambar sirri, ka shiga da wayarka, in ka gama sai wani ya shiga da tasa da wannan sunan, taka ta sauka. Wasu kuma, irin su MSC, suna ɗaure tsarin ne ga na'urar da aka fara kunna shi a kanta, ba ya tashi daga nan har a sauka. Dokokin nan suna canzawa, don haka ka karanta sharuɗɗan a shafin kamfanin ranar da za ka biya, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara. Kuma ka biya tun kana gida. Kusan duk kamfanonin sun fi sauƙin farashi kafin ranar tashi, in ka bari sai ka shiga jirgi to farashin kanti za ka biya.

In jirginka irin na farko ne, to ka huta, karɓa-karɓa za ku yi, kuma babu wata doka da ka taka. Mu haka muka fara. Bayan sallar asuba nawa ne, ina duba saƙonnin shago da yaron da na bari. Hantsi na uwargida. Bayan la'asar na Hajiya, lokacin da take kiran 'yan uwanta na Zinder da na Fagge ɗaya bayan ɗaya, kowa sai an gaisa da shi har da tambayar awaki. Dare kuma na yarinya. Matsalar ɗaya ce, duk wanda ya shiga ya kori na ciki ba sallama. Ina tsakiyar aika wa wani dila hoton rasit sai na ga abin ya tsaya cak, ashe Hajiya ce ta ga dama. Da na yi magana uwargida ta ce, "Haba Alhaji, Mama ce fa." Shi ke nan, magana ta ƙare. Ku ajiye lokaci tun ranar farko, kuma ka rubuta wa kowa sunan da lambar a takarda.

Akwai wata dabara da take rage wannan rigima sosai. WhatsApp yana barin mutum ya haɗa asusunsa da wasu na'urori har huɗu, kuma wanda aka haɗa yana aiki ko da asalin wayar ba ta kan intanet, muddin ba ta kwana 14 a haka ba. Ke nan tun a gida sai ka haɗa WhatsApp ɗin maiɗakinka da kwamfutarka, ko da wata manhaja ta biyu a wayar da za a biya wa kuɗi. Na'ura ɗaya ce ke kan intanet, amma saƙon mutum biyu na shigowa. Sai dai a yi shi da yardar mai asusun, kuma a cire in an dawo.

Hanya ta biyu ita ce hosfot, wato na'urar da aka biya wa ta karɓi waifai na jirgi ta sake watsa shi ga sauran. Jirgin yana gane kowace na'ura ne da wata lamba ta musamman da katin waifai ɗinta yake nunawa. In ka kunna hosfot, duk abin da sauran wayoyin suka nema ta cikin taka yake bi, jirgin kuma lambar taka kaɗai yake gani, kamar gidan da ɗakuna huɗu ke shan wuta daga mita ɗaya.

Ba kowace waya ce ke iya wannan ba, kuma a nan mutane suka fi shan mamaki. iPhone ba ta yi sam. Hosfot ɗinta datar layi kawai yake rabawa, ba ya raba waifai, ko wace iri ce kuma komai tsadarta. MacBook ma ba ya karɓar waifai ya sake watsa shi ta waifai. Don haka in jirginku mai ɗaure tsari ga na'ura ɗaya ne, kada a kuskura a fara kunna shi a kan iPhone in ana da niyyar rabawa. Manyan wayoyin Samsung na Galaxy suna yi: ka shiga saiti, ka nemi Mobile Hotspot, cikin ƙarin saitinsa akwai wani maɓalli mai suna Wi-Fi sharing, shi za ka kunna. Wayoyin Pixel ma suna yi. Tecno da Infinix da Redmi kuwa sai an gwada, wata ta yi wata ta ƙi, ko da sunansu ya yi kama.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a gida ake yinsa. Ka kashe datar layinka gaba ɗaya, ka hau waifai na gida ko na wani, sannan ka kunna hosfot. Ka kalli saman fuskar wayar. In alamar waifai ta ɓace da zarar hosfot ya kama, wannan waya ba za ta yi maka aikin ba. In alamun biyu suka zauna tare, ka haɗa wata waya ka buɗe shafi ka gani da idonka. Sannan ka maimaita gwajin bayan ka danna alamar jirgin sama, domin a haka wayar za ta zauna in kuna teku, wasu wayoyin kuma suna kulle hosfot a wannan yanayi. In taka tana haka, mafita ita ce ka zare layin ka ajiye shi cikin fasfo, ko ka kashe shi daga saiti.

Ni dai kwamfuta mai Windows 10 ko 11 na fi amincewa da ita. A saitin Network & Internet akwai Mobile hotspot. Ka zaɓi waifai a matsayin inda za a ɗauko intanet, ka ba shi suna da kalmar sirri mai ƙarfi, ka kunna. Yana ɗaukar na'ura har 8. Tsarin da za ka bi shi ne ka fara hawa waifai na jirgi da kwamfutar, ka shiga shafin nan da yake tambayar suna da lamba, ka tabbatar shafuka na buɗewa, sai daga baya ka kunna hosfot. Abubuwa biyu ne ke kashe shi ba ka sani ba. Akwai maɓallin tanadin wuta da yake rufe hosfot in an ɗan jima babu wanda ya hau, ka kashe shi. Sannan in kwamfutar ta yi barci ko aka rufe murfinta, komai ya tsaya, don haka ka saita ta kada ta yi barci in tana jone da wuta. In kana da VPN a kunne, shi ma ka kashe shi tukuna, yakan hana shafin shiga fitowa.

Kada ka sa ran wannan hosfot zai bi ka har wurin cin abinci. Bangon ɗakunan jirgi ƙarfe ne, har maganaɗisu yana kamawa a jikinsa. Ɗakin Hajiya yana jikin namu, amma sai ta zauna a kujerar da ke daf da bango sannan sanda ɗaya take samu, in ta koma gado shi ke nan. Da na mayar da hosfot ɗin kan zangon 2.4 maimakon 5 sai ya ɗan ƙara nisa, don shi ya fi ratsa bango. In waya ce ke rabawa, to duk inda mai ita ya tafi intanet ya bi shi, ga zafi, ga shan caji. Ka riƙe fawa bank. Doguwar wayar soket ta gida kuwa ka bar ta, yawancin kamfanoni suna ƙwace ta a ƙofa saboda tsoron gobara.

Yanzu maganar doka. Za ka ga ana tallar 'yar ƙaramar rawuta ta tafiya, wato na'urar da ke karɓar intanet ta raba wa wayoyi, mai girman kwalin ashana babba, ana cewa ita ce maganin komai. Tana aiki, ba ƙarya, amma kamfanin jiragen Carnival ya sa rawuta cikin kayan da ya haramta, Royal Caribbean ma ta ƙara ta a jerin nata a 2024. Jaka tana bi ta na'urar bincike kafin a shiga, in an gani a riƙe sai ranar sauka. Farantin Starlink ƙarami, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, shi ma haka, an hana. Ban ba kowa shawarar ɓoye ta cikin safa ba. Hosfot na waya ko na kwamfuta kuma ya danganta da abin da ka sa hannu a kai. In sharuɗɗan sun ce ƙarara ba a yarda a raba ba, to alkawari ne ka ɗauka lokacin da ka danna amincewa, sai ku koma karɓa-karɓa ko ka ƙara kuɗi. Sau da yawa tsarin na'ura biyu a asusu ɗaya ya fi sayen ɗaiɗai guda biyu araha, kuma ga miji da mata da kowa ke da harkarsa, ina ganin shi ne zaman lafiya.

Ko ta wace hanya ka bi, gudun intanet ɗin nan ɗaya ne ake rabawa, ba ya ninkuwa don an ƙara baki. Gaskiya abin ya gyaru. Da can jiragen suna dogara ne da taurarin ɗan'adam masu nisan kusan kilomita 36,000, kana magana sai ka jira kafin a ji ka. Daga 2022 Royal Caribbean ta fara sa Starlink a jiragenta, sauran manyan kamfanoni suka biyo baya, taurarinsa kuma nisansu kusan kilomita 550 ne. Shi ne dai Starlink ɗin da ya shigo Najeriya a farkon 2023. Duk da haka, jirgi ɗaya yana iya ɗaukar mutum dubu biyar, kuma ranar da aka wuni a teku kowa yana kan waya.

Abin da ke cinye gudun ba abin da kake gani ba ne, abin da wayoyin ke yi a ɓoye ne. Waya in ta ga waifai sai ta ɗauka gida ta zo: ta fara tura hotuna zuwa Google Photos ko iCloud, ta sabunta manhajoji, ta sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. Wani dare kiran Hajiya ya yi ta yankewa, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar ta yarinyar tana loda bidiyon da ta ɗauka tun safe, ɗaruruwan megabait, ita kuwa tana barci abinta. Tun kafin ku tashi, ka karɓi wayar kowa ka dakatar da ajiyar hotuna, ka hana manhajoji sabunta kansu, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp. A iPhone ka kunna Low Data Mode a kan wannan waifai ɗin. A Android da Windows ka nuna musu cewa layin na awo ne, Metered suke rubutawa, sai su kama kansu. Karatun Alƙur'ani da fina-finan yara da taswirar garuruwan da za a tsaya duk a sauke su tun a gida.

Wani ƙaramin abu mai jawo dogon layi a teburin ma'aikata: wayoyin zamani suna ɓoye ainihin lambarsu su nuna ta bogi ga kowane waifai, iPhone tun iOS 14, Android tun 10. In an ɗaure tsarinka ga na'ura, sai ka je ka taɓa wannan saitin bayan ka biya, lambar za ta canza, jirgin ya ɗauke ka baƙo. Yadda ka same shi ranar farko ka bar shi haka, kada kuma ka goge waifai ɗin don ka sake hawa.

Layin wayarka kuma shi ne babban haɗari. Jiragen suna da nasu eriyar salula da take kunnuwa in an yi nisa da gaɓa, kuɗinta kuma na tauraron ɗan'adam ne, ba ya cikin kowane tsarin yawo na ƙasa da ka saya. Da zarar an ɗaga anga ka danna alamar jirgin sama a kowace waya, sannan ka kunna waifai shi kaɗai. Manhajar jirgin, mai nuna jadawalin abinci da wasanni, tana aiki a kan waifai ɗin ko ba ka biya ko sisi ba, don haka wayar yara ba ta buƙatar komai. Sai dai ka tuna lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙon tes ba za ta iso ka a tsakiyar teku ba muddin layinka yana kashe. In akwai kuɗin da za ka tura, ka nemi bankinka ya ba ka token ko ya riƙa turo lambar ta imel tun kafin tafiya, ko ka bari sai an tsaya a tasha. A ranakun tasha, eSIM na ƙasar da aka sauka, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, ya fi intanet ɗin jirgi araha nesa ba kusa ba, kuma shi iPhone ma tana iya raba shi. A Maskat ta ƙasar Oman na tura duk hotunan da suka taru, muna zaune a bakin kasuwar Mutrah ana jiran Hajiya ta gama cinikin turaren wuta.