Darasi na Bakwai: Yadda Masu Nema Za Su Iske Shafinka a Intanet

Buɗe shafi a intanet ba shi ke kawo mutane ba. Ba kowa ke haddace adireshin shafuka ba. Mutum zai buɗe injin bincike ne, ya rubuta abin da ya dame shi, ya taɓa ɗaya daga cikin amsoshin farko. Mafi shahara a cikin waɗannan injina shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998. Akwai kuma Bing na kamfanin Microsoft, da ya fito a 2009.

Google yana da wata manhaja mai suna Googlebot. Aikinta yawo dare da rana, tana bin mahaɗai, wato rubutun da in ka taɓa zai kai ka wani shafi, daga shafi zuwa shafi, tana karantawa tana adanawa. Daga wannan ma'ajiya ake zaƙulo wa mai tambaya amsa.

To, ga inda aikinka yake. Mu ɗauka gyaran waya kake yi. Zuciyarka za ta raya maka ka rubuta, "Muna aiki mai inganci da riƙon amana." Maganar ba laifi, sai dai babu mai neman ta. Wanda wayarsa ta jiƙe, hankalinsa a tashe, abin da zai rubuta shi ne, "wayata ta faɗa ruwa ta ƙi kunnuwa". Wannan jimlar ita ce ya kamata ta zama kan maganar shafinka. A ƙarƙashinta sai ka ba shi amsa ta gaskiya: ya kashe wayar nan take, kada ya sa ta a caji, ya cire layi, ya kai wa mai gyara. Wanda ka taimaka wa a irin wannan hali ba ya mance ka. In kana son sanin kalmomin da mutane ke amfani da su, fara rubuta tambaya a akwatin Google, za ka ga ya jero maka sauran.

Kan maganar kada ya yi tsawo, domin abin da ya wuce haruffa kamar 60 yakan yanke a jerin amsoshin Google. Kowane hoto ka rubuta masa ɗan bayani, saboda injin da kuma makafi masu sauraron shafi ta manhaja. Ka kuma buɗe shafin a wayarka ka gani. In yana nauyi, rage girman hotuna, don mai nema ba ya jira.

Tun farko Google yana duba yawan shafukan da suka sa mahaɗi zuwa naka, da darajarsu, kamar yadda ake auna mutum da shaidar da aka yi masa. Kada ka sayi irin wannan shaida, kada kuma ka cika shafi da maimaita kalma ɗaya. Dokokin Google sun hana, kuma yana iya tura shafin can baya. Duk wanda ya ce ka biya shi zai tabbatar maka da matsayi na ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Google da kansa ya ce babu mai iya wannan alkawari.

Akwai tallar biya ta Google Ads, inda ake cajinka duk sanda aka taɓa tallarka. Tana da sauri, amma ranar da kuɗi suka ƙare, ranar za ta ɓace. Hanyar rubutu kuwa takan ɗauki watanni kafin a ga amfaninta. Yi rajista da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da suka kawo mutane shafinka.

Aikin gida: rubuta tambayoyi 3 da masu hulɗa da kai suka fi yi maka, da kalmominsu yadda suke faɗa. Zaɓi ɗaya, ka amsa ta da jimloli 5, ka kawo aji mu karanta tare.